Kwanciya Ba Magani Ba Ce: Birnin Gwari, Ciwon Baya da Cinikin Ƙwaya

A ƙarshen watan Nuwamban 2024, Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya buɗe kasuwar kara bayan shekarun da ta yi a rufe, ƙarƙashin sulhun da gwamnatin Kaduna ta ƙulla da 'yan bindigar daji. Tun daga lokacin ake ta lissafi: motoci nawa ke bin hanyar Kaduna ba tare da rakiyar jami'an tsaro ba, shanu da masara nawa ke fita daga kasuwa, gonaki nawa aka koma nomawa. Ko sulhun zai ɗore, wannan muhawara ce mai zaman kanta. Abin da ya dame ni shi ne wani ɓangare da ba ya shiga lissafin ko kaɗan, wato jikin mutumin da zai yi noman. Wanda ya yi shekara biyar ko bakwai bai riƙe fartanya ba, ya koma gona da bayan da ya saba da benci da tabarma. Idan bayan ya ƙi, abin da ke jiransa ƙwayoyi ne a ƙullin leda, allura a kemis, da shawarar da kowa ya haddace: kwanta ka huta.

Wannan shawara kuskure ce, kuma ilimin likitanci ya gano haka kusan shekara arba'in da suka wuce. Ga mafi yawan masu ciwon baya da na gwiwa, doguwar kwanciya tana tsawaita ciwon, motsi mai tsari kuwa yana rage shi. Duk da haka al'adarmu da kasuwarmu da asibitocinmu sun haɗu a kan abin da ba ya aiki, domin shi ake iya sayarwa. Tafiyar minti talatin ba ta da dillali.

Abin da daji ya ƙwace

Dajin Kamuku, wanda aka mayar da shi gandun ƙasa a 1999, yana haɗe da dazuzzukan Zamfara da Neja, kuma fiye da shekara goma yana zaman mafakar masu satar shanu da garkuwa da mutane. An san asarar rayuka da ta dukiya. Asarar da ta faɗa wa jikin waɗanda suka tsira ta zo ne ta hanya uku.

Ta farko zama ce. Mutanen ƙauyukan da aka tasa sun taru a cikin gari da wasu garuruwan, kuma manomin da ke tafiyar kilomitoci kowace safiya ya koma wuni a inuwa yana jiran labari. A 2021, lokacin da gwamnatin jihar ta dakatar da kasuwannin mako a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi, ta hana hawa babura, aka kuma katse layukan waya a wasu yankuna, har ɗan zirga-zirgar da ta rage ta ƙara ƙuntata. Tsoka ba ta ajiyar ƙarfi don gaba: abin da ba a yi aiki da shi ba, jiki yana janye shi.

Ta biyu kishiyar ta farko ce. Wanda aka kore wa shanun huɗa ya koma yi da hannu, a duƙe, abin da dabba ke yi masa a tsaye. Matashin da gona ta gagara ya faɗa ramin zinare ko dakon kaya. Don haka a gari guda akwai bayan da zama ya raunana, akwai kuma wanda aiki ya fi ƙarfinsa, kuma sau da yawa na mutum ɗaya ne a lokuta biyu na shekara.

Ta uku tsoro ne. Mai kwana da kunne ɗaya a buɗe ba ya samun barcin kirki, kuma binciken likitoci ya daɗe da nuna cewa damuwa da rashin barci suna cikin abubuwan da ke mayar da ciwon baya na 'yan kwanaki ya zama na shekaru. Ciwon na gaske ne, ba raki ba ne. Jijiyoyin da suka daɗe a cikin fargaba ne ke ƙara wa saƙon zafi ƙarfi kafin ya isa ƙwaƙwalwa.

Ba Birnin Gwari kaɗai ke fama ba. Ƙididdigar da mujallar Lancet Rheumatology ta wallafa a 2023 ta nuna mutum miliyan 619 ne ke da ciwon ƙasan baya a duniya a 2020, kuma ana hasashen za su kai miliyan 843 a 2050. Babu wata lalura da ta fi shi cinye wa ɗan Adam shekarun lafiya ta hanyar nakasa. Bambancin Birnin Gwari shi ne, a can baya jari ne: in ya tsaya a watan Yuli, rumbu ne ke zama fanko a watan Disamba.

Abin da gwaji ya nuna

Har zuwa shekarun 1980, likitocin Turai da Amurka ma kwanciya suke rubutawa, mako guda ko biyu. A 1986, Richard Deyo da abokan aikinsa a Amurka suka kwatanta kwanciyar kwana biyu da ta kwana bakwai. Sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu bai bambanta ba, sai dai 'yan kwana biyun sun koma aiki da wuri, kwanakin da suka rasa sun ragu da kusan rabi. A 1995 wani gwaji a Helsinki ta ƙasar Finlan ya ƙara gaba: waɗanda aka ce su ci gaba da harkokinsu daidai yadda za su iya jurewa sun riga waɗanda aka kwantar warkewa.

Dalilin yana cikin ginin jiki. Faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya da guringuntsin da ya lulluɓe bakin gwiwa kusan ba su da jijiyoyin jini. Abincinsu yana shiga ne kamar yadda ruwa ke shiga soso: a matsa, a saki, a sake matsawa. Tafiya ce ke yin wannan matsawa da sakin. Tsoka kuwa saurin zubewarta abin tsoro ne. A wani gwaji da aka wallafa a 2007, dattawa masu ƙoshin lafiya da aka kwantar kwana goma kacal sun rasa kusan kilo guda na tsokar ƙafafu. Tsokar cinya ita ce birkin gwiwa. Idan ta tafi, duk takun da aka yi a kan gaɓar yake sauka kai tsaye. Ashe mai ciwon gwiwar da aka ce ya zauna don kada ya ƙarasa ta, an raba shi ne da abin da ke kare ta. Da ma Hausawa sun ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

A watan Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idarta ta farko kan ciwon baya mai daɗewa. Ta amince da ilmantar da majinyaci, tsarin motsa jiki, tausa, shawarwarin gyara tunani, da magungunan rage kumburi. Ta ce kada a riƙa amfani da ɗamarar ƙugu, da jan baya da na'ura, da magunguna masu ƙarfi dangin tiramadol. Mai karatu ya dubi wannan jeri na biyu da kyau, sannan ya tuna abin da aka sayar wa ɗan'uwansa a karo na ƙarshe da bayansa ya riƙe.

A 2024 mujallar Lancet ta kawo wani gwaji daga Ostareliya a kan mutum 701 da ba su daɗe da warkewa daga ciwon baya ba. An ɗora rabinsu a kan tsarin tafiyar ƙafa da ake ƙarawa sannu a hankali, tare da ɗan bayani daga ƙwararre. Masu tafiyar sun kai kwana 208 kafin ciwon ya dawo ya hana su harka, sauran kuwa kwana 112.

Gaskiya ita ce motsa jiki ba sha yanzu magani yanzu ba ne. Wani babban nazari na 2021 da ya tattara gwaje-gwaje 249 ya gano cewa yana rage zafin da kimanin maki 15 cikin 100 idan aka kwatanta da rashin yin komai. Ragi ne matsakaici. Amma ragi ne da ba ya cin ƙoda, ba ya huda ciki, ba ya zama jaraba, kuma yana zuwa da gyaran hawan jini da sukari a matsayin gyara.

"Ƙashinka ya goce"

Kalmomi kaɗan ne suka kwantar da mutane kamar waɗannan. Mutum zai bar Birnin Gwari, ya yi tafiyar kusan kilomita 120 zuwa Kaduna a kan hanyar da ita kanta jarrabawa ce ga ƙugu, ya biya kuɗin hoton ƙashi, a nuna masa wani wuri a ce nan ya sassaɓe, nan ya cinye. Ya tafi da ciwo, ya dawo da ciwo da tsoro. Daga ranar ba ya duƙawa, ba ya ɗaukar ko buta sai da ɗar-ɗar, kuma duk motsin da ya guje wa yana ƙara sandarar da bayan.

Abin da ba a faɗa masa ba shi ne, irin wannan hoto haka yake fitowa ga mutanen da ba su da ciwon komai. Wani nazari na 2015 da ya tattara hotunan mutane sama da dubu uku marasa ciwon baya ya tarar da alamun tsufan faifai a jikin kashi 37 cikin ɗari na 'yan shekara 20, da kashi 96 na 'yan shekara 80. Furfura ce ta ciki. Kusan tara cikin goma na masu ciwon ƙasan baya ba a iya nuna wani takamaiman wuri a ce shi ne sanadi, shi ya sa ƙa'idojin likitanci na zamani suka hana ɗaukar hoto haka kawai sai in akwai alamar haɗari. Ma'aikacin lafiyar da ya ce wa manomi bayansa ya lalace, alhali furfura ya gani, ya yi masa illar da ta fi ta buhun da ya ɗauka.

Haka bincike ya nuna a cikin Nijeriya. Chinonso Igwesi-Chidobe ta yi nazari a ƙauyukan Inugu a kan mutum 200 masu daɗaɗɗen ciwon baya, ta gano cewa yadda mutum ya fahimci ciwonsa da irin tsoron motsin da yake yi suna cikin manyan abubuwan da ke nuna ko ciwon zai nakasa shi. Abin da aka faɗa wa majinyaci ɓangare ne na maganinsa, ko na cutarsa.

Cinikin ƙwaya

Inda babu bayani, kemis ne ke cike gurbin. Ana ƙulla haɗi a leda: dikilofenak, ibufurofen, wani lokaci da firoksikam, a ɗora dekisametason a kai. Ukun farko dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ninka sauƙi, haɗarin gyambon ciki da lalacewar ƙoda yake ninkawa, musamman ga mai aiki a rana yana zufa ba ya shan isasshen ruwa. Na ƙarshen kuwa, in aka daɗe a kansa, yana tada sukari, ya kumbura fuska, ya rarake ƙashin da ake cewa ana yi wa magani, har yana iya kashe kan ƙashin cinya. Mai sayarwar ba mugu ba ne. Abin da ake nema yake bayarwa, kuma shi ne kaɗai ke buɗe da daddare. Amma kyakkyawar niyya ba ta wanke ƙoda.

Sai tiramadol. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya ƙiyasta 'yan Nijeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwayoyi, miliyan 4.6 daga cikinsu kuwa irin su tiramadol suke sha ba bisa umarnin likita ba. Mun saba kallon wannan a matsayin lalacewar tarbiyya, muna kawo hoton ɗan daba ko ɗan bindiga. Mun manta da ɗan ƙwadagon da ya fara sha domin ya gama kadadar da aka biya shi kafin la'asar, da mai haƙar zinaren da ke wuni a tsugune cikin rami. Wa'azi kan shaye-shaye da bai taɓo ciwon jiki ba ya bar ƙofa ɗaya a buɗe.

Abin takaicin shi ne ƙwayar ba ta ma cika alkawarinta. A 2023 wani gwaji a Ostareliya ya ba wasu masu sabon ciwon baya da wuya magani mai ƙarfi na wannan dangi, wasu kuma ƙwayar da babu komai a cikinta. Bayan mako shida ba a ga fifikon maganin ba. Abin da tiramadol ke yi wa ɗan ƙwadago shi ne toshe masa kunne daga gargaɗin jikinsa, ya yi aikin kwana biyu a kwana ɗaya, gobe ya buƙaci ƙari. Jiki magayi ne, kuma wanda ya rufe bakin magayi ba ya hana abin da za a gaya masa faruwa.

Ƙaho da tsaga da ɗori suna da matsayinsu a zukatan mutane, kuma ban zo yaƙi da wanzami ba. Matsalarsu ɗaya ce da ta allura: majinyaci yana kwance, wani yana yi masa aiki. Duk maganin da ya koya wa mutum cewa gyaran bayansa yana hannun wani, zai riƙa dawo da shi, da kuɗi a hannu.

"Ai manomi motsa jiki yake yi kullum"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da za a kawo, kuma tana da gaskiya a ciki. Ce wa matar da ta ɗebo ruwa, ta yi daka, ta ɗauko itace da goyo a baya wai ta motsa jiki, rainin hankali ne. Ƙasidun lafiyar da ake fassaro mana daga Turanci an rubuta su ne don mai zaman ofis, shi ya sa mutanen karkara ke jin su kamar tatsuniya.

Sai dai wahala da motsa jiki ba abu ɗaya ba ne. Masu bincike a Denmak, ƙarƙashin Andreas Holtermann, sun bi mutane sama da dubu ɗari, suka wallafa a 2021 cewa motsin da mutum ke yi don kansa yana tafiya da raguwar ciwon zuciya da mutuwa, amma aikin ƙarfi na neman abinci bai ba da wannan kariya ba. Motsa jiki gajere ne, yana sauya salo, ana ƙara shi sannu a hankali, kuma hutu na biye da shi. Noma da fartanya kuwa duƙawa ce iri ɗaya na awanni, gobe a sake, ba tare da jiki ya farfaɗo ba. Ga shi kuma aiki ne na kaka da damina: watanni a zaune, sannan ruwan farko ya sauka a buƙaci komai a mako guda. Ko ɗan ƙwallon ƙafa ba ya shiga gasa haka, sai ya yi makonni yana share fage.

Don haka abin da manomi ke buƙata daban ne. Ya fara shirya jikinsa makonni kafin shuka da tafiya da ƙananan ayyukan sassabe, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. A cikin aiki ya riƙa miƙewa bayan kowane ɗan lokaci, ya dafa ƙugu ya ɗan lanƙwasa baya. Ya sauya aiki a cikin yini maimakon ya ƙare guda a duƙe. Mai daka ta sauya hannu da tsayuwa, mai ɗaukar ruwa ta raba jarka biyu ƙanana maimakon babba guda.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Buhun masarar da ake lodi a kasuwanninmu na kilo 100 ne. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada nauyin da namiji baligi zai riƙa ɗauka shi kaɗai ya wuce kilo 55. Siminti da takin zamani a buhun kilo 50 suke zuwa, kuma cinikinsu bai mutu ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar hatsi da shugabannin kasuwa za su iya sauya wannan da shawara guda. Ɗan dakon da ya fara aiki yana shekara goma sha takwas, ya koma dogara sanda kafin arba'in, ba ƙaddara kaɗai ta kai shi nan ba. Akwai wanda ya zaɓi girman buhun.

Ƙaunar da ke zaunar da tsofaffi

Yanzu ga masu karanta wannan shafi, ma'aikatan Kaduna da Abuja da Kano waɗanda iyayensu ke gida. Ɗan boko idan ya samu, alamar farko ta biyayyarsa ita ce ya zaunar da mahaifinsa: Baba, ka daina zuwa gona, ka huta. A sayo masa ɗamarar ƙugu da man shafawa daga waje, a sa yaro ya riƙa kai shi masallaci a babur alhali taku ɗari biyu ne. Hajiya kuwa a kawo mata mai aiki, a hana ta ko sharar tsakar gida. Niyyar alheri ce, sakamakon kuwa tsoho ne da bayan shekara biyu ba ya iya tashi daga tabarma sai an kama shi. Kujerun da ke ƙaruwa a sahun masallatai rangwame ne da addini ya yi wa wanda ya kasa, kuma babu mai ja da wannan. Tambayar ita ce nawa ne daga cikinsu aka gaggauta wa kasawar.

A al'adarmu ta yau tafiyar ƙafa ta zama shaidar rashi. Babban mutum ba ya taka ƙasa, matar babban mutum kuwa ko ƙofar gida. Shi kansa ɗan bokon daga mota sai kujera, daga kujera sai mota, tumbi na gaba, gwiwa na kuka. Bincike ya nuna duk kilo guda da mai ciwon gwiwa ya rage yana sauke wa gwiwar kimanin kilo huɗu a kowane taku. Mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya ga baligi shi ne minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da ƙarfafa tsoka sau biyu. Minti talatin ke nan a kwana biyar, ƙasa da abin da ake ɓatawa a WhatsApp kafin karin kumallo.

Wanda ke son taimakon mahaifinsa da gaske, ya rage masa nauyi ya bar masa motsi. A ɗauki ɗan ƙwadago don huɗa, a bar dattijo ya riƙa zagaya gonarsa. A koya masa tashi da zama daga kujera sau goma ba tare da dafawa ba, safe da yamma. A kwance, ya lanƙwashe gwiwoyi ya ɗaga ƙugu sama ya sauke, ya jawo gwiwa zuwa ƙirji. Mata su yi nasu a tsakar gida, tare da maƙwabta in ya yiwu, domin abin da ake yi cikin jama'a ya fi ɗorewa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ɗan zafi a lokacin motsi ba alamar ɓarna ba ne muddin ya lafa kafin washegari, idan ya wuce haka, a rage, kada a daina. Sannu ba ta hana zuwa.

Inda motsi ba shi ne amsa ba

Akwai ciwon bayan da ba a wasa da shi, kuma a ƙasarmu ya fi yawa fiye da a ƙasashen da aka yi waɗancan gwaje-gwaje. Tarin fuka yana kama ƙashin baya. Sikila tana kashe kan ƙashin cinya. Wanda aka yi wa duka a hannun masu garkuwa, ko ya faɗo daga babur, yana iya samun karaya. Idan ciwon ya zo da zazzaɓi, rama, ko gumin dare. Idan ba ya lafawa ko a kwance. Idan ƙafafu suna raunana, ko fitsari da bayan gida sun ƙwace ko sun tsaya, ko tsakanin cinyoyi ya mutu. Idan gaɓa ta kumbura ta yi zafi farat ɗaya, to asibiti za a nufa a ranar. Don irin waɗannan ne aka tanadi hoto da ƙwararrun Shika da Barau Dikko da Asibitin Ƙashi na Dala. Cika layinsu da masu furfurar ƙashi yana jinkirta wanda ke gab da shanyewa. Haɗin kemis kuwa ya fi muni a nan, domin yana rufe alamar har lokaci ya ƙure.

Darasin Tsakuwa

Za a ce duk wannan sai inda akwai kayan aiki. Amsar tana Tsakuwa, a ƙaramar hukumar Dawakin Kudu ta jihar Kano. A can Aminu Ibrahim da abokan aikinsa, ƙwararrun gashi da motsa gaɓoɓi, suka gwada mutanen karkara 120 masu daɗaɗɗen ciwon baya: wasu aka ba su bayani kawai, wasu atisayen ƙarfafa tsokar ciki da baya, wasu aka haɗa musu biyun. Sakamakon da aka wallafa a 2023 ya nuna waɗanda aka haɗa wa biyun sun fi samun sauƙi. An yi wannan da Hausa, a cikin karkara, ba tare da wata na'ura mai tsada ba.

Jihar Kaduna na da mazaɓu 255, kuma manufarta ita ce kowace mazaɓa ta samu cibiyar lafiya matakin farko. 11 daga cikinsu a Birnin Gwari suke. Yayin da ake maganar sake gina yankin, ga abin da ya kamata ya shiga takarda. A horar da ma'aikatan lafiyar waɗannan cibiyoyi su iya tantance alamun haɗari, su iya bayanin ciwon baya ba tare da tsoratarwa ba, su kuma jagoranci atisayen rukuni sau ɗaya a mako, maza daban, mata daban. A samar da ƙwararren mai gashi da zai riƙa zagaya su. A zauna da ƙungiyar masu kemis a kan haɗi, domin su ne likitocin da talaka ke gani. A saka shanun huɗa da ƙananan injinan noma a cikin tallafin masu komawa gida, saboda taki da iri ba sa huɗa kansu. Masarauta da limamai da gidajen rediyo kuwa suna da abin da babu wata hukuma da ke da shi: idan Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Maigwari II, ko limamin Juma'a ya ce tafiyar ƙafa ba ƙasƙanci ba ce, za a ji.

Duk wannan bai kai kuɗin kilomita guda na kwalta ba. Abin da ke hana shi shi ne babu kwangila a ciki, babu abin yanke zare a gaban kyamara. Mutanen Birnin Gwari sun yi shekaru ba su da ikon taka hanyar gonarsu. In hanyar ta buɗe, bai kamata a tare su da ƙullin leda da umarnin kwanciya ba. Kai kuma mai karatu, idan ka buga waya gida a wannan mako, bayan ka tambayi ko Baba ya sha magani, ka tambaya ko ya fita ya taka.